Sunan Allah a Bakin Hukuma: Sharhi kan Rantsuwar Tuta a Amurka



A kowace safiya ta ranar karatu, a mafi yawan makarantun gwamnati na ƙasar Amurka, kafin malami ya ɗauki alli ko yaro ya buɗe littafi, 'yan makaranta sukan miƙe tsaye su fuskanci tuta, kowa ya ɗora hannun dama a ƙirji, sa'an nan su karanta wata gajeriyar rantsuwa ta mubaya'a ga tutar da kuma jamhuriyar da take wakilta. A tsakiyar wannan rantsuwa kuwa, wadda duka-duka kalmomi 31 ce a harshensu, akwai kalmomi biyu masu shaida cewa al'ummar tana ƙarƙashin Allah. Saboda rantsuwar nan an kori yara daga makaranta, an ƙone ɗakin ibada, an doki mutane a kan titi, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci ta dawo ta warware shi da kanta a cikin shekara uku. Musulmin da ya ji cewa akwai masu neman a cire sunan Allah daga bakin yara, lalle zuciyarsa za ta karkata ga masu cewa a bar shi, kuma wannan karkata ce ta imani wadda ba abin zargi ba ce. Sai dai idan muka bi mas'alar daga tushe za mu tarar cewa waɗanda suka fara ƙin rantsuwar tilas masu tsoron Allah ne, kuma girman sunansa ne ya hana su.

Wanda ya rubuta rantsuwar, Francis Bellamy, limamin cocin Baftis ne. Ya tsara ta a shekarar 1892 domin wata mujallar yara da ake bugawa a birnin Boston, a daidai bikin cika shekara 400 da isar Kolumbus nahiyar Amurka, a zamanin da raunin yaƙin basasa bai gama warkewa ba, baƙi kuma suna ta kwararowa daga Turai, manya suna neman abin da zai ɗaure 'ya'yan waɗannan baƙi ga sabuwar ƙasarsu. Duk da kasancewarsa malamin addini, Bellamy bai sa sunan Allah a ciki ba, kuma haka aka yi ta karanta ta shekara 62, har aka ƙetare yaƙin duniya biyu. A farkon al'amari ma ana karanta ta ne da hannu miƙe zuwa ga tuta, sai a ƙarshen 1942 majalisar dokoki ta mayar da hannun kan ƙirji, domin tsohuwar gaisuwar ta yi kama ƙwarai da ta mutanen Hitila.

To, tun kafin a sa sunan Allah a ciki aka fara rigima, kuma masu addini ne suka fara ta. A shekarar 1935, a wani ƙaramin garin masu haƙar kwal da ake kira Minersville a jihar Pennsylvania, wata yarinya mai shekara 12, Lillian Gobitas, da ƙanenta William mai shekara 10, suka daina gaida tuta. Gidansu Shaidun Jehobah ne, kuma a fahimtar ɗariƙarsu, ɗaga hannu ga tuta da yi mata alkawarin biyayya ya shiga cikin hanin da ke sura ta 20 ta Littafin Fitowa a cikin Attaura, watau hanin rusunawa ga siffa ko gunki. Ko mutum ya yarda da wannan tawili ko bai yarda ba, ba ya iya musun cewa Musulmi ya san irin wannan tsoro, tsoron kada girmamawar da ta wajaba ga Mahalicci kaɗai ta karkace zuwa ga abin halitta. A daidai wannan lokaci 'yan'uwansu na Jamus suna ƙin yi wa Hitila gaisuwarsa, ana kwasarsu zuwa sansanonin azaba. Hukumar makaranta ta kori yaran biyu, mutanen gari suka ƙaurace wa kantin ubansu, shi kuwa ya kai ƙara, ya yi nasara a ƙananan kotuna, har magana ta kai Kotun Ƙoli.

Ranar 3 ga Yuni 1940, a makon da sojojin Ingila suke ƙarasa tserewa daga gaɓar Dunkirk, Faransa kuma tana dab da faɗuwa, alƙalai takwas cikin tara suka ba makaranta gaskiya. Wanda ya rubuta hukuncin, Felix Frankfurter, Bayahude ne da aka haifa a Vienna, wanda ya san ɗacin zama ɗan tsiraru sarai, amma hujjarsa ita ce haɗin kan ƙasa shi ne ginshiƙin tsaronta, kuma bai kamata kotu ta hana hukumomin makaranta zaɓar hanyar da za su dasa wannan haɗin kai a zukatan yara ba. Alƙali ɗaya rak, Harlan Stone, ya saɓa. Abin da ya biyo baya ya isa wa'azi ga duk mai zaton kalmar alƙali tana tsayawa a kan takarda: jama'a suka ɗauki hukuncin a matsayin shaidar cewa waɗannan mutane maciya amana ne, sai aka far musu a garuruwa da yawa. A cikin watan nan na Yuni aka ƙone ɗakin taronsu a Kennebunk ta jihar Maine. A Richwood ta jihar West Virginia kuwa aka kama wasu daga cikinsu, da hannun jami'in tsaro a ciki, aka ɗura musu man zurma mai sa zawo, aka ɗaure su da igiya ɗaya aka kora su bayan gari. Dokar West Virginia ta wancan lokaci ta tanadi cewa yaron da aka kora saboda ƙin gaida tuta ana lissafa shi mai gudun makaranta, iyayensa kuma ana iya cin su tarar dala 50 da ɗaurin kwana 30. Hukuma ce ta kore shi, hukuma ce kuma take hukunta ubansa a kan bai zo ba.

Abin yabo a cikin wannan labari, wanda ba safai ake samun irinsa a tarihin masu iko ba, shi ne uku daga cikin alƙalan da suka sa hannu, Black da Douglas da Murphy, sun fito a 1942 sun bayyana a rubuce cewa hukuncin kuskure ne. Da wata sabuwar ƙara ta zo daga West Virginia, ta iyalin Barnette, sai kotun ta juya, shida a kan uku, ranar 14 ga Yuni 1943, wadda ita ce ranar bikin tuta a ƙasar, alhali yaƙi yana kan ganiyarsa, samarin Amurka suna mutuwa ƙarƙashin wannan tuta a Turai da tekun Fasifik. Alƙali Robert Jackson, wanda daga baya ya jagoranci gabatar da ƙarar manyan Nazi a Nuremberg, shi ya rubuta, kuma taƙaitaccen abin da ya kafa shi ne cewa babu wani ma'aikacin hukuma, babba ko ƙarami, da ke da ikon tsara wa mutane abin da za su gaskata a siyasa ko addini ko kishin ƙasa, balle ya tilasta musu furta shi da baki; ya kuma yi gargaɗin cewa masu fara haɗa kan ra'ayi da ƙarfi ƙarshensu kawar da masu saɓani ne, haɗin kan da ake samu ta wannan hanya kuwa irin na makabarta ne.

A nan ne nake so mai sauraro ya waiwayi Madina, domin abin da Jackson ya isa gare shi a 1943 malamin mazhabarmu ya sha bulala a kansa tun fiye da shekara dubu da suka gabata. A shekara ta 145 bayan Hijira, sa'ad da Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Nafsuz Zakiyya, ya yi tawaye ga Halifa Mansur na Abbasiyawa, mutanen Madina suna ɗauke da mubaya'ar Mansur a wuyansu, mubaya'ar da ake ƙarfafa ta da rantsuwar saki, watau mutum ya rantse cewa idan ya warware ta matansa sun saku. Imamu Malik ɗan Anas ya kasance yana karantar da cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, masu hankali kuwa suka gane inda maganar ta nufa: idan ikrahi yana ɓata saki, to yana ɓata rantsuwar da aka ɗaura mubaya'a da ita. Gwamnan Madina, Ja'afaru ɗan Sulaimanu, ɗan'uwan Halifa, ya hana shi faɗar wannan, bai bari ba. Aka kama shi aka yi masa bulala, aka ja hannunsa har kafaɗarsa ta goce. Malik bai ɗauki takobi ba, bai kuma kira mutane ga fitina ba. Abin da ya ƙi kawai shi ne ya ɓoye hukuncin cewa kalmar da aka ƙwace daga bakin mutum da tsoro ba ta ɗaure shi a wurin Allah. Bayan wannan bulala da kamar shekara 70, lokacin da Halifa Ma'amun ya kafa jarrabawar aƙida a shekara ta 218, ana kiran malamai ɗaya bayan ɗaya su furta cewa Alƙur'ani halitta ne, Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya zaɓi kurkuku da bulala a kan ya furta abin da zuciyarsa ta ƙaryata. Waɗannan halifofi Musulmi ne, da sunan addini kuma suka yi abin da suka yi, kuma wannan shi ne wurin lura: hukumar da ta sami ikon auna imanin mutane da rantsuwa, a kan malamai take fara gwada ikon nata.

Kiristocin da suka kafa Amurka sun iso ga irin wannan fahimta ta tasu hanyar, kuma da wahala suka iso. A Ingila, dokar 1673 ta hana muƙami ga duk wanda bai rantse da ƙaryata aƙidar Katolika ba. Bayahude Lionel de Rothschild, da mutanen London suka zaɓe shi a 1847, sai da ya jira har 1858 kafin ya zauna a majalisa, saboda rantsuwar shiga tana buƙatar imanin Kirista. A can Amurka kuwa, wani malami mai tsananin riƙon addini, Roger Williams, an yanke masa hukuncin kora daga Massachusetts a 1635, kuma cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da cewa ya koyar da bai halatta ga mahukunta su rantsar da wanda bai yi imani na gaskiya ba, domin rantsuwa ibada ce, kuma sa wa marar imani sunan Allah a baki sa shi ne ya ambaci sunan a banza. Shi ne ya kwatanta addini da lambu, duniya kuma da jeji, ya ce idan aka ɓula katangar da ke tsakaninsu jejin ne yake cinye lambun. Shugaban Amurka Thomas Jefferson, a wasiƙarsa ta 1 ga Janairu 1802, ya sake ambaton wannan katanga, kuma waɗanda ya rubuta wa 'yan Baftis ne na garin Danbury, masu kukan cewa cocin hukuma a jiharsu ta Connecticut ya danne su. Irin wannan fahimta ce ta sa tun da farko tsarin mulkin Amurka na 1787 ya haramta gwajin addini ga mai neman muƙamin tarayya, ya kuma ba mutum zaɓi tsakanin rantsuwa da tabbatarwa ta fatar baki, domin akwai Kiristoci irin su Kwaika da suke ganin rantsuwa kowace iri haramun ce. Gyaran farko na 1791 kuma ya hana majalisa kafa addinin hukuma, ya kuma hana ta tauye 'yancin ibada, duka biyu a jimla guda. Albarkacin wannan tsari ne Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar tarayyarsu, ya ɗora hannu a kan fassarar Alƙur'ani da Jefferson ya mallaka a bikin kama aikinsa a Janairu 2007, duk da surutun da wasu suka yi. Wannan rabuwar addini da hukuma ta sha bamban da ta Faransa, inda dokar 2004 ta hana ɗalibai mata sa lulluɓi a makarantun gwamnati. Can hukuma ta shiga jikin yarinya ta cire mata abin da ta sa don Allah, wanda shi ma tilas ne, kuma hujjar da ta kare Lillian Gobitas ita ce take kare waccan yarinya.

To, yaya aka yi sunan Allah ya shiga rantsuwar tuta? Tsoron kwaminisanci ne ya shigar da shi. Wata ƙungiyar Katolika mai suna Knights of Columbus ta fara ƙara kalmomin a tarurrukanta tun 1951, tana kuma roƙon majalisa ta mayar da su doka. Ranar 7 ga Fabrairu 1954, wani limami ɗan asalin Scotland, George Docherty, ya yi huɗuba a wani coci a Washington, Shugaba Eisenhower yana zaune a gabansa, ya ce rantsuwar yadda take babu abin da zai hana yaran Mosko su karanta irinta ga tasu tutar, don haka a sa abin da zai bambanta Amurka da daular da ta kafu a kan musun Allah. Majalisa ta amince cikin 'yan watanni, Eisenhower ya sa hannu ranar 14 ga Yuni 1954, bayan shekara biyu kuma aka mayar da dogaro ga Allah taken ƙasa a hukumance.  Ban musa cewa da yawa daga masu wannan yunƙuri sun yi shi da zuciya ɗaya ba, amma dalilin da aka bayar a fili dalilin siyasa ne: an kawo sunan Maɗaukaki ya zama tambarin da zai raba sansani da sansani a yaƙin cacar baki.

Sakamakon wannan ya bayyana ne bayan rabin ƙarni, kuma shi ne abin da ya fi damuna a cikin labarin duka. Wani likita marar addini, Michael Newdow, ya kai ƙara a California a madadin 'yarsa, kuma a watan Yuni 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da shi cewa sa yara su karanta kalmomin a makarantar gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki. Ƙasa ta ɗauki zafi, majalisar dattawa ta yi tir da hukuncin da ƙuri'a 99 babu ko ɗaya mai adawa. Kotun Ƙoli, ranar 14 ga Yuni 2004, ta kauce wa ainihin tambayar, ta ce Newdow ba shi da hurumin ƙara saboda riƙon yarinyar ba a hannunsa yake ba. Amma sai a saurari hujjar alƙalan da suka so a bar kalmomin. Alƙali Sandra O'Connor ta ce ambaton Allah a nan na biki ne da al'ada, ba ibada ba ne kuma ba addu'a ba; tun a 1984 ma Alƙali William Brennan ya riga ya rubuta cewa irin waɗannan kalmomi yawan maimaitawa ya kwashe musu duk wata ma'ana ta addini mai nauyi. A 2010 kotun ɗaukaka ƙarar nan ta dawo ta halatta rantsuwar a kan cewa aikin kishin ƙasa ce. Ma'ana, tunda tsarin mulki ya hana hukuma koyar da aƙida, hanya ɗaya da ta rage ta riƙe sunan Allah a cikin rantsuwar ita ce a shaida a gaban kotu cewa sunan ba ya nufin kome, ya zama kamar tsohon kwabo da hannuwa suka suɗe rubutunsa. Masu addini da yawa suka yi murna da wannan a matsayin nasara, ni kuwa ina ganin da Roger Williams yana raye da kuka zai yi, domin abin da ya ji tsoro ke nan: miliyoyin yara, mai imani da marar imani, ana koya musu kowace safiya su ambaci Ubangiji a cikin jimlar da alƙalan ƙasarsu suka tabbatar cewa ba da gaske ake faɗarta ba.

Mu da muka tashi da karatun fiƙihu mun san nauyin da shari'a ta ba yamini. An raba mana shi kashi-kashi: akwai wanda ake kaffara idan an karya, akwai rantsuwar ƙarya da gangan wadda take dulmuya mai ita cikin zunubi, akwai kuma lagawu, wanda malaman Shafi'iyya suka fassara da abin da ke gudana a harshe ba da nufi ba. An yafe lagawu saboda raunin ɗan Adam, amma ba a taɓa umurtar kowa ya mayar da shi darasin safiya ba. Suratul Baƙara ma, wadda ta kore tilas daga al'amarin addini, ita ce kuma ta yi hani ga mayar da sunan Allah abin kariya a cikin rantse-rantse. Ba ina cewa Musulunci ya raba addini da daula irin rabuwar da Jefferson ya nufa ba. Wannan mas'ala ce dabam, malamai sun yi dogon bahasi a kanta, kuma tarihinmu ba tarihin Turai ba ne. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi tabbata: iko yana iya sa mutum ya biya haraji, ya bi doka, ya tsaya a layi, amma ba ya iya sa shi ya yi niyya, rantsuwa kuwa ba niyya gawa ce.

Maganar ta shafe mu kai tsaye ta fuska ɗaya. Alkawarin ƙasa da yaran Nijeriya suke karantawa a filin makaranta, wanda Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, shekara shida bayan yaƙin basasa, yana ƙarewa da neman taimakon Allah, haka ma rantsuwar kama aiki ta shugaban ƙasa da gwamnoni. Alhali sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na hukuma, sashe na 38 kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi shiga hidimar addinin da ba nasa ba. A Nijar ma tsarin mulkin 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya ambaci raba addini da hukuma, ya kuma sa shugaba ya rantse da littafi mai tsarki na addininsa. Ban nemi a goge ko kalma ɗaya daga waɗannan ba, domin galibin mutanenmu, Musulmi da Kirista, idan sun ce Allah ya taimake su da gaske suke, kuma addu'ar neman taimako ta fi dacewa da bawa a kan shelar cewa al'umma tana da wani matsayi na musamman a wurin Ubangiji. Abin da nake roƙo shi ne daga shugabannin makarantu da malamai: idan aka sami yaro, ko ɗan Shaidun Jehobah ne, ko ɗan gidan malamin da ke ganin rusunawa ga tuta ta yi kusa da shirka, wanda ya tsaya cikin ladabi bai buɗe baki ba, to a kira ubansa a ji dalili, a bar bulala a rataye, kada kuma a mayar da shi abin nuni a gaban 'yan'uwansa. Manyan da suka dafa Alƙur'ani ko Baibul a gaban dubban jama'a suka rantse za su tsare amana, sa'an nan aka wayi gari asibitin ƙauye ba magani, albashin malamin firamare ya yi wata da watanni bai fito ba, su ne ya kamata a tsare da tambaya a kan rantsuwa tun kafin a kai ga yaron da ya yi shiru don tsoron Ubangijinsa.